Galmar Da Ke Cikin Waƙar Baba Gado

Rannan wasu samari suka tsaya a ƙofar shagona suna jiran a tura musu waƙoƙi a waya, sai na ji ɗaya yana ce wa abokinsa wai haɗa kiɗa a kwamfuta ba sana'a ba ce, danne-danne ne kawai, shi ma da zai sami kwamfutar da tuni ya ƙware. A lokacin ina fama da muryar wata mai waƙar biki da ta ƙi zama a kan kiɗa. Amma maganar ta tsaya mini. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan karatun da na yi, wanda bai wuce firamare ba.

Sunana Arzika. Mutumin Kebbe ne ni, amma a Tambuwal na tsufa cikin wannan sana'a. Gara in faɗi abin da kowa ya sani a garin tun da farko: mu biyu ne tsofaffin masu situdiyo, ni da Labbo, kuma Labbo ya fi ni. Na san haka tun muna yara, ban kuma taɓa jin daɗinsa ba. Allah ya yafe mini. Labbo taubashina ne, ɗan gwaggota. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai ni ne ubangida shi ne bawa, kuma haka muke kiran juna har yau da furfurarmu.

Tare aka kai mu koyon aiki wurin Malam Buhari mai gyaran rediyo, a shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, lokacin da kowane alhaji ke dawowa da rikoda, kowane ɗan ci-rani ke dawowa da kaset a aljihu. Malam Buhari ya ga inda kasuwa ta dosa, ya sayi manyan rikoda biyu ya haɗa su da waya, muna kwafar kaset daga wannan zuwa wancan. Aikinmu na farko shi ne goge kan rikoda da auduga, da naɗe zaren kaset da biro idan rikoda ta tauna shi, da liƙe shi da jan farce idan ya tsinke. A fuskar rikodar akwai wata allura mai rawa. Malam ya nuna mana inda launin ya koma ja, ya ce duk sautin da ya tura allura can ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya gyaruwa. Yau babu allura, akwai wani sandan sauti mai hawa da sauka a fuskar kwamfuta, amma jan yana nan, dokar ma tana nan.

Wata rana Malam ya sa kaset ɗin karatun wani malami, ya ce mu faɗi abin da ke damun rikodar. Na saurara iya saurarena na ce lafiyarta lau. Labbo ko ɗago kai bai yi ba daga abin da yake gogewa, ya ce, "Bel ɗin ya saki, muryar malam tana ja da baya." Aka buɗe, bel ɗin roba mai juya kaset kuwa ya saki. Malam Buhari ya dube shi ya ce, "Wanga yaro kunne gare shi." Ya juyo ya dube ni ya ɗan yi tunani, ya ce, "Kai kuma ƙafa gare ka." Daga ranar Labbo ya zauna a inuwa gaban manyan rikoda, ni kuma aka rataya mini ƙarama a wuya, aka cika mini aljihu da batir, aka tura ni ƙauyuka.

Na yi Jabo, na yi Kebbe, na yi Fakku da ƙauyukan da ke gaba da ita, wani lokaci a bayan babur, wani lokaci a ƙasa idan hanya ta yanke. Da azumi in ɗauki tafsiri, da rani in ɗauki biki, da damina in ɗauki kiɗan noma. A nan na san Baba Gado. Shi ne makaɗin gangar noma na yankinmu. Idan aka kira gayya, wato manoma suka taru su yi wa mutum ɗaya aiki a gonarsa, Baba Gado ne ke bin su a baya da gangarsa yana kiɗa yana waƙa. Kowane gwarzon manomi da takensa, wani salon bugu da ba a yi wa kowa sai shi, kuma da ya ji shi sai ka ga bayansa ya ƙara lanƙwasa.

Ranar da na fara ɗaukarsa, a gonar Sarkin Noma Tunau ce. Na tsaya gaban ganga, allura ta faɗa ja ta ƙi dawowa. Na koma nesa, iska ta cika makirfo da huci. Daga ƙarshe na cire safata na sa wa makirfon, na koma gefen Baba Gado, ɓangaren bakinsa, na bar gangar ta shigo ta kaikaice. Haka na bi shi kunya bayan kunya, rana tana dukana, idona a kan allura. Shekaru na yi ina wannan bin. Duk tsawonsu allura nake kallo, ban taɓa ɗaga kai na ga abin da shi yake kallo ba. Kowane kaset na kai shago aka kwafa, uwar, wato kaset na asali, sai in ajiye ta a wani akwatin ƙarfe, ba don wani hangen nesa ba, don dai kada ta zauna a hannun Labbo.

Bayan rasuwar Malam Buhari kowa ya buɗe nasa. Fiyano ya shigo, mai ganguna da sarewa a cikinsa, muka koya. Sannan kwamfuta ta zo, kuma Labbo ne ya fara kawo ta Tambuwal. Na bi gari ina gaya wa mawaƙa cewa kiɗan kwamfuta ba shi da rai. Ban taɓa zama na saurara ba balle in sani, abin da na sani kawai shi ne a shagon Labbo take.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce wadda waya mai ɗaukar waƙa ta cika hannun mutane. Kaset ya tsaya cak. Na jera su a kanta har rana ta cinye launin kwalayensu. Mawaƙan da na raina tun ba su iya riƙe numfashi ba suka riƙa wucewa ta ƙofata su gaishe ni, su zarce wurin Labbo. Da na ga babu mafita na sayar da babur ɗina na sayi kwamfuta ta hannu. Tsakanin shagona da na Labbo tafiyar ƙafa ce, amma sai na riƙa shiga mota zuwa Jega ina koyo wurin baƙo, don kada in zauna gaban taubashina in ce nuna mini. A cikin shekarar ne kuma janareta ya turo wuta da ƙarfi ya ƙone ma'ajiyar kwamfutar, duk aikin da na tara ya tafi, har da waƙoƙin wasu ɗaliban Islamiyya da suka yi ta zarya suna ɗora murya. Sai da na bi malaminsu har gida na ba shi haƙuri. Tun daga nan ban taɓa tashi daga kan aiki ba sai na ajiye shi wuri biyu. Ku ma ku riƙe wannan kafin ya same ku.

To, ku da kuke cewa danne-danne ne, ga kaɗan daga abin da ake dannawa.

Aikin wata mai waƙar biki daga Jabo ne ya koya mini cewa ɗaki ma kayan kiɗa ne. Na ɗauki muryarta a ɗaki mai siminti, ta fito kamar daga cikin rijiya, kuma babu maɓallin da ya iya ciro ta. Na liƙa tsofaffin katifu a bango, abin ya yi dama. Daga baya na leƙa ɗakin Labbo na ga shi buhunan ƙaiƙayi ya jera, sun fi katifa shanye amo, kuma kyauta ake samunsu a masussuka. Na koma na yi irin nasa, na kuma gaya wa mutane dabarata ce. Mai waƙa ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirfo. In ya matso, numfashinsa zai riƙa dukan kunne. In ya ja baya, ɗakin za ka ɗauka ba shi ba.

Babbar ganga da bes, wato kiɗan nan mai kauri da kake ji a ƙirji, wuri ɗaya suke son zama. In ka sake su duka biyu da ƙarfi, sai su cushe, babu wanda za a ji. Dole ka rage wa ɗaya kauri, ko ka sa bes ya ɗan sunkuya duk lokacin da ganga ta sauka. Muryar mai waƙa a tsakiya, 'yan amshi ka raba su dama da hagu don kada su hau kansa. Amsa-kuwwa kaɗan ake sawa, kamar gishiri. Akwai kuma abin gyaran murya, wanda ke jawo muryar da ta kauce ya mayar da ita kan hanya. Yana da amfani, amma na ga yara suna murɗa shi har ƙarshe, mutum ya shigo da muryar da uwarsa ta san shi da ita, ya fita da muryar gwangwani.

Kuma kada ka yarda da manyan lasifikokin ɗakinka, duk abin da ka sa musu daɗi zai yi. Wanda ka yi wa aikin, a ƙaramar waya zai saurara, tana aljihun gaba, yana kan babur tsakanin Kebbe da Fakku. Ka tura waƙar cikin irin wannan waya ka fita bakin titi da ita. In ka ji kalmomin a can, ka gama. In kunnenka ya gaji, komai daidai zai riƙa yi maka, to ka tashi ka yi alwala ka yi salla ka dawo, za ka ji kurakuran da ka zauna a kansu tun safe.

Saura abu ɗaya, shi ne ya kawo ni ga labarin da nake son bayarwa. A fuskar kwamfuta akwai layuka a tsaye, tazararsu ɗaya, kuma akwai wani ɗan ƙwas-ƙwas da take yi don riƙe awo, mu muna ce masa agogo. Kana danna maɓalli ɗaya, duk bugun da ya kauce sai ya koma kan layi. Ga kiɗan rawar biki babu abin da ya fi wannan. Na ƙware a kansa ƙwarai, har na ɗauka duk kiɗan duniya haka yake so.

Baba Gado ya tsufa, ciwo ya shanye masa hannun dama, wanda yake riƙe gula, sandan kiɗa, da shi. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaji ganga. Muryar tana nan, ta dushe amma tana nan. Sarkin Noma Tunau ya daɗe da rasuwa, sai aka tsayar cewa a gayyar daminar shekarar za a ba ɗansa Mamman sarautar uban. Mamman ya ce yana son ranar a ji taken babansa da waƙarsa daga bakin Baba Gado, da gangar Baba Gado, ko da ta lasifika ce. Suka tashi suka tafi wurin Labbo. Ni da na bi tsohon nan a rana shekara da shekaru, a bakin wani mai shayi na ji labari.

Amma gangar Baba Gado ba ta ko'ina a duniya sai cikin akwatina. Labbo ya zo da kansa, ya zauna a bencina ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ubangida, kaset-kaset na Baba Gado nika so. In ciri bugun in shimfiɗa mai, shi hau."

"Bawa, da kana inuwa ina rana, ka tambaye ni ko ina jin ƙishi?"

"Ai ƙafa aka ce kana da ita. Ni laifina ne?"

"To mai ƙafa ya ɗauko, mai ƙafa zai yi aikin."

Ya yi dariya ya tashi, ya ce Allah ya ba da sa'a. Abin da nake so a fili yake: a ce aikin ƙarshe na Baba Gado daga hannuna ya fito. Na hau babur ɗin haya har Kebbe na sami tsohon a zaure. Ya ce, "Ni duk ɗaya kuke gare ni, ɗiyan gida guda. Wanda ad da gangar, can za ni." Mamman bai so ba, amma bai yi musu da tsoho ba.

Na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na juye kaset-kaset ɗin cikin kwamfuta. Tsohon kaset yana da wani huci a ƙarƙashinsa, kuma akwai abin cire shi, amma in ka matsa masa sai ganga ta koma kamar ana buga ta cikin ruwa, don haka kaɗan-kaɗan na rage. Na bi bugun ɗaya bayan ɗaya ina yankawa, daidai inda gula ta taɓa fata, ba kafin ba, ba bayan ba, in bar masa wutsiyarsa har ta mutu da kanta. Na ware masu kauri, na ware masu kaifi, na ware na yatsun hagu. Sannan na jera taken Tunau a kan layuka, na danna maɓallin nan, komai ya zauna cif. Na sa shi yana zagayowa. Na saurara na ce ko Labbo sai ya sara mini.

Aka kawo Baba Gado a babur, Mamman ya riƙe shi ta baya. Na zaunar da shi, na sa masa abin saurare a kunne, na saki kiɗa. Fuskarsa ta saki da ya ji bugun farko. Ya buɗe baki ya shiga, bai yi nisa ba ya tsaya. Muka sake. Ya shiga, kiɗan ya wuce ya bar shi. Na rage gudu, sai shi ya wuce kiɗan. Ya cire abin kunnen da hannun hagu ya ajiye a cinya.

"Wagga ganga tawa ta, na gane muryatta. Amma mai bugun nan ba ya ganin kowa."

"Baba, ai kai ne ka buga."

"A'a. Ni ban taɓa kiɗa awa makaho ba."

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Na ce gajiyar hanya ce, su koma su dawo. Suka dawo, na canza gudu, na canza ƙarfi, na ƙara bes, na cire bes, duk ɗaya. Hanyar Kebbe da damina ba ta raga wa mai lafiya ba balle shi. Kowace zuwa sai na ji muryar ta ƙara sirancewa, tari ya ƙaru. Na ji da kunnena, na kuma ce su sake dawowa.

Mamman ne ya zo shi kaɗai wata safiya. Bai zauna ba. Ya ce, "Malam Arzika, gero ya kai gwiwa, an sa ranar gayya. Tsohon ga tafiya guda ta rage a jikinai, ba ni ganin ta biyu. Kai za ka faɗa min inda za mu kai shi."

Da ya tafi na ɗauki akwatin ƙarfen na ɗora a kai, na ratsa kasuwa da shi da rana tsaka, kowa yana kallo, na sauke a ƙofar Labbo.

"Ubangida da dako? Da ka aiko na turo amalanke."

"Karɓi ka rufe mini baki."

Na zaci zai buɗe kwamfuta. Sai ya jawo wata tsohuwar rikoda, ya sa kaset ɗin gonar Tunau, ya jingina da bango ya rufe ido. Ya ji ya mayar, ya ji ya mayar. Can ya ce, "Nan mi ya faru, da kiɗan ya ɗau sauri?"

Na ce, "Batir ne ya yi sanyi lokacin ɗauka."

"In batir ne, muryar ma sai ta tsuke ta yi sama. Ba ta tsuke ba. Ji kuma nan, ya lafa. Ga shi ya sake ɗauka." Ya buɗe ido. "Kai da ka je gonar, in sun kusa ƙarshen kunya, mi manoma ka yi?"

Na ce, "Rige-rige suke, kowa yana son ya riga fita."

"In sun fita fa?"

"Su miƙe, su juyo, su kama sabuwa a hankali."

Ina faɗa ina jin abin yana sauka a kaina. Ba manomi ke bin ganga ba, ganga ke bin galma. Baba Gado bayan manomi yake kallo, in galma ta yi sauri ya yi, in ta lafa ya lafa, yana ɗan tura ta gaba kaɗan. Ni na tsaya a gefensa shekaru ban gani ba. Labbo bai taɓa taka gonar ba, ya ji shi daga zaune.

Ranar da aka kawo tsohon, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Labbo ya kashe agogon kwamfuta gaba ɗaya. Ya ja doguwar waya ta taga zuwa filin da ke bayan shagonsa, ya kafa makirfo a gindin wata bishiyar dogon yaro, ya sa masa safa. Safar nan dabarata ce. Aka zaunar da Baba Gado a kujera. Babu kiɗa, babu abin kunne. Labbo ya shiga gida ya fito da galma.

Mamman ya miƙa hannu zai karɓa. Baba Gado ya ce, "Aje. Ba a yi ma taken ubanka kana duƙe sai ranar da aka ba ka shi. In ka ji shi yau, ran gayya mi za ka ji?"

Labbo ya ce shi a gari ya tashi, in ya yi huɗa tsohon dariya zai yi ba waƙa ba. Sai ya juyo, ya miƙo mini galmar da hannu biyu, da ladabi kamar mai ba da kyauta.

"Yau dai ubangida za shi yi ma bawa noma."

Ina sanye da sabuwar shadda, don na zo ne a matsayin mai situdiyo. Na cire rigar na rataye a reshe, na naɗe wando, na karɓa. Rabona da galma tun ina saurayi a gonar babana. Na sara na farko, na sara na biyu.

Baba Gado ya ce, "Duƙa da kyau, ɗan nan. Ba allura kaka kallo ba yanzu."

Na duƙa. Na kama kunya ina tafiya, ƙasa tana kifewa. Shiru, sai ƙarar galma. Har na fara tunanin wahalar banza ce, sai na ji murya ta taso a bayana, ƙasa-ƙasa da farko, tana kiran Tunau da sunan kakanninsa. Ta sauka daidai inda galmata ta sauka. Na ƙara sauri ba da niyya ba, ta biyo ni, ta ɗan wuce ni, na bi ta. Da na doshi katanga sai na ji tana tura ni kamar hannu a gadon baya. Na fita, na miƙe, ta lafa ta jira ni. Na juyo na kama sabuwa.

Ban san abin da Labbo ya yi a kwamfuta ranar ba, don bayana na ba shi. Mafi kyawun ɗaukar da aka taɓa yi wa Baba Gado, ni ban ga ko tashin sandan sauti ba. Filin gajere ne, na yi ta kai da komo har na huɗe shi kaf. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata ta ce, "Ashe Labbo ya ɗau ɗan ƙwadago." Da tsohon ya kai ƙarshe ya yi shiru, na zauna a kan kunya, tafin hannuna duk ya yi bororo, numfashi ya ƙi dawowa.

Sauran aikin a ɗaki aka yi, ina zaune a gefe. Makirfon ya ɗauki muryar, ya kuma ɗauki saran galma daga nesa, kowane sara ya fito a fuskar kwamfuta kamar ɗan ƙaya. Labbo ya manta da layuka, ya bi ƙayoyin nan, yana ɗora bugun gangar da hannu, ɗaya bayan ɗaya, wani daidai kan saran, wani ɗan gaba da shi kaɗan yadda tsohon ke yi. Yankan da na yi ne na kwaso masa daga kwamfutata, ya yi amfani da su. Ya ce, "Yankanka ya yi tsabta, ubangida." Yabon da ya taɓa yi mini ke nan a sana'a, kuma na lura a kan yanka ne, ba a kan kunne ba. Wuri ɗaya na tsayar da shi, inda ya jawo wani salo mai daɗi daga wani kaset, na ce wannan taken wani manomi ne na Jabo, in ya shiga waƙar Tunau za a tashi gayya da faɗa. Ya cire.

Da aka gama na ce ya share ƙarar galmar. Ya rage ta har ta ɓace, muka saurara. Ya mayar da ita, muka saurara. Ya bar ta can ƙasa, ƙarƙashin ganga. Ban yi gardama ba, don ni ma na ji abin da ya ji, bayan ya nuna mini.

Ran gayya aka ɗaura lasifika a kan amalanke aka bi manoma da ita. Da taken Tunau ya tashi, tsofaffin da suka zo kallo suka miƙe daga inuwa. Mamman ya duƙa, kuma inda kiɗan ya ɗau sauri, nan ya doshi ƙarshen kunya, kamar an auna. Baba Gado yana zaune a kan tabarma, yatsunsa na hagu suna motsi a gwiwa. Da aka tashi ya sa aka kira Labbo, ya dafa kansa ya yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ya hango ni.

"Kai kuma, Arzika, kunyarka ta uku ta karkace. Na gani, na dai ƙyale."

Bai ga kaka ta biyu ba, Allah ya jiƙansa. Waƙar kuwa ta shiga kowace waya daga Tambuwal har Fakku. Har shagona ake zuwa a ce, "Baba Arzika, tura min waƙar Baba Gado, wadda Labbo ya yi." In tura. Na sha yin niyyar in daina jin abin da nake ji idan an faɗi haka, ina kuma roƙon Allah a kai, amma har yanzu da saura.

Ku samari, in kun sami kwamfutar, ku koyi layi da agogo, za su ciyar da ku. Amma kafin ku danna maɓallin da ke jawo komai kan layi, ku tambayi mai waƙar abin da yake kallo idan yana yi. Kuma in waƙar nan tana wayarku, ku sa abin kunne ku saurara can ƙarƙashin ganga. Akwai wani sara da ke tafiya, yana sauri yana lafawa. Wannan ni ne.

Matar Labbo ta shuka wake a kunyoyin da na huɗa. Da kaka ya aiko mini da kwano guda, wai ladan noma. Aka yi mini alala da shi, na ci. Waken ya yi kyau ƙwarai, wannan ma sai da ya ba ni haushi.